Macijin da aka ce dafinsa kaɗan ne ya kwana bayan randarmu

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili in yi magana kan wani sabon yayi da ya shigo mana Yamai, wato samari masu kiwon maciji cikin ɗaki sai ka ce tantabara.

Watan jiya da asuba uwargida ta je ɗibar ruwan alwala a randa, sai na ji salati da faɗuwar moɗa, na fito a guje ko takalmi babu, ga wani siririn maciji mai zane-zane a tsawon jiki ya naɗe a gindin randar inda ƙasa ke da sanyi. Kafin in ɗauko taɓarya sai ga ɗan maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga yana cewa Baba don Allah kar a kashe, nawa ne. Wai nashi ne! Ashe sati uku yana cikin bokitin roba da aka rufe da faranti aka ɗora bulo a kai, ya saye shi jika goma wurin wani a WhatsApp, mai sayarwar ya ce masa haƙoran dafin na can baya ne, ko ya cije ka kamar harbin zuma.

To maganar haƙoran baya ba ƙarya ba ce. Kububuwa da kasa da gamsheƙa haƙoransu na gaba ne, sara ɗaya sun zuba dafi kamar allura. Su kuwa masu haƙoran baya nasu na can wajen ƙasan ido, kuma dafin gangarowa yake a hankali, sai macijin ya kama ya yi ta tauna kafin ya shiga sosai, shi ya sa yawancinsu kumburi ne da zogi na kwana biyu. Amma cikin dangin nan ne akwai boomslang, macijin bishiya na ƙasashen Afirka kudu da Sahara. A 1957 wani babban masanin macizai a Shikago ta Amurka, Karl Schmidt, ƙaramin boomslang ya kama shi a babban yatsa, ya raina abin bai je likita ba, ya zauna yana rubuta yadda yake ji, jini ta dasashi, jini ta hanci, washegari ya rasu. A 1975 wani ɗan uwan macijin ya kashe Robert Mertens a Jamus, shi ma masani. Mutanen da suka tsufa cikin aikin kenan fa, balle yaron da iliminsa na TikTok ne. Na tambaye shi sunan macijin nashi, wallahi bai sani ba, wai macijin yashi. In an kai ka asibiti likita ya ce me ya sare ka, macijin yashi za ka ce? Kuma maganin boomslang daban yake, a Afirka ta Kudu ake yin shi, ba shi ne allurar da ake yi wa wanda kububuwa ta sara ba.

Sai batun doka, wanda shi ya sa ni rubutun nan. Muna da dokar 98-07 ta 1998 kan farauta da kare namun daji, dabbar daji ba kaza ba ce da za ka kama ko ka saya ka aje yadda ka ga dama, sai da izinin ma'aikatan gandun daji. A Faransa ma mai son aje maciji mai dafi sai ya samu takardar shaidar ƙwarewa. Amma a nan wa ya san da haka? Gardawa mun saba da su tun muna yara, sana'arsu ce ta gado kuma ba sa barin kwandon a tsakar gidan haya. Ina roƙon hukumar gandun daji ta fito a rediyo da Hausa da Zabarmanci ta faɗa ƙarara wane maciji aka yarda a aje, wane takarda ake nema, a wane ofis.

Wanda kuma ya samu izinin ya ga lallai sai ya yi kiwo, to akwati mai ƙofa da kwaɗo, ba faranti da bulo ba, maciji in kansa ya wuce rami jikinsa ma ya wuce. A rubuta sunan macijin a jikin akwatin, a ba shi abinci da dogon ƙarfe ba da hannu mai warin ɓera ba, kar a bar akwatin gilashi a rana da zafin Afrilu na Yamai don gasa shi zai yi. In ya kama ka kar ka tsaya ɗaukar bidiyo yana tauna, cire shi, cire zobe, babu tsagawa babu ɗaurewa, sai asibiti ko da ba ka jin komai tunda wani dafin sai bayan awoyi yake nuna kansa.

Namu dai mun zauna da mahaifin yaron, ya ce zai kai macijin wurin masu gandun daji. Uwargida har yau da tocila take zuwa randa.

Naku, wani magidanci daga Talladje, Yamai.