Yaya, a dakata da buga bulo tukuna

Jidda, daren Juma'a

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fata kuna lafiya, da kai da Inna da iyali duka. Yaya ƙafar Inna? Ka gaishe ta da kyau, ka ce mata duk ranar da na samu shiga Makka da sunanta nake fara addu'a. Ni ma lafiya lau, sai zafi da aiki, alhamdu lillahi.

Hoton takardar da birkila ya rubuta ya iso. Bayan isha na zauna bakin katifa, na ƙara girman hoton ina bin sa layi-layi: siminti, yashi, tsakuwa, rodi, bulo, katako, kwano, kuɗin aiki. Ban zarge shi da komai ba, abin da hannunsa zai taɓa shi ya lissafa. Sai dai jimillar da ya sa a ƙasa ba za ta kai Inna cikin gidan ba, shi ya sa nake roƙonka kada a taɓa kuɗin da na turo sai mun gama magana.

Abin da ya hana ni barci shi ne ciko. Ka san filin nan gangare ne, fuskarsa na kallon fadama. Ban manta daminar 2020 ba, da ruwa ya cinye gonakin shinkafa a Kabi. Har yau ina ganin Inna tsaye a tsakar gida, ruwa ya kai mata ƙwauri, ta tattare zani da hannu ɗaya, mu kuma muna kinkimar buhunan hatsi muna ɗorawa kan turame. Ba na so ta sake ganin wannan a gidan da na gina mata. A ɗaga fandisho ya fi titi tudu sosai, a cike shi da jar ƙasa. Ka tambayi masu tifa kuɗin lodi ɗaya har bakin fili, ka haɗa da na leburorin da za su baje ta su danne. Idan aka yi rowa a nan, daɓe zai zauna, tayil ya tsattsage, gyaran kuma ya fi aikin farko tsada.

Ruwa ma babu shi a takardar. Bulo yana son ban ruwa safe da yamma na kwanaki kafin a ɗora shi, haka fulasta. In 'yan garuwa za mu dogara da su, kuɗin zai riƙa zurarewa kullum ba mu sani ba. Ni a ganina a fara haƙa rijiya, a sa mata kwalbati, tunda ko an gama gini ita gidan zai sha.

Takardar da aka yi da mai fili a gaban mai unguwa tana da amfani, amma tun dokar ƙasa ta 1978 filaye suna hannun gwamna ne. Ka daure ka je Birnin Kebbi, ma'aikatar filaye, ka ji abin da safiyo da takardar mallaka da izinin gini za su ci. Wani ɗan Jega da muke ɗaki ɗaya da shi, gininsa ya kai linta aka zo aka shafa masa jan fenti a bango. Wata huɗu aikin na tsaye, simintin da ya rage ya daskare.

Sauran ka fi ni saninsu: sokawe, wayarin da mita, ƙofar gida, dako da sauke kaya, baƙin mai a shafe katako saboda gara, da ɗan abin da za a ba mai gadi, don rodi ba ya kwana a fili shi kaɗai.

Farashi kuwa ba ya jiran kowa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, buhun simintin da ake saye wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a farkon 2024, duk da ga kamfanin siminti nan kusa a Kalambaina ta Sakkwato. Don haka cikin kowace naira 100 da na turo, ka ware 20 ka ajiye daban, kada ma birkila ya san da ita.

Na san ka ci burin ɗaki huɗu da falo, ni ma haka. Amma Yaya, kangon da ciyawa ta fito a cikinsa sun yi yawa a Argungu, ba na son namu ya shiga sahu. A zuba fandisho na gidan duka, a tayar da ɗaki biyu da bayi da kicin, a rufa, a sa ƙofa da taga, Inna ta tare kafin ruwa ya sauka. Sauran in Allah ya hore mu ɗora.

Ka turo min farashin tifa da na haƙar rijiya ta murya a WhatsApp kafin Juma'a mai zuwa. A gaishe da Kawu da yara.

Ƙaninka