Mangwaro Yana Ruɓewa a Kasuwa, Muna Sayen Jam na Ƙasar Waje

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ba ni fili in yi tsokaci a kan wani abu da wasu za su ɗauka ƙarami ne, wato karin kumallo, musamman irin wanda uwargida take shirya wa iyali ranar Asabar da hantsi, ko washegarin Sallah, ko ranar da baƙo ya kwana a gida. Na shafe shekaru ina koyar da girki da tattalin gida a makarantar 'yan mata kafin in yi ritaya, kuma ba na barin shafinku na girke-girke ya wuce ni. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, duk lokacin da aka zo maganar kalaci na musamman, sai in ga an lissafo burodi mai yanka-yanka da bota da jam na kwalba wanda aka shigo da shi daga waje, a ƙara da soyayyen dankali, kamar ƙasarmu ba ta da abin da za ta sa wa baƙo a faranti da safe sai wanda ya ratso teku.

Ba ƙyamar abincin wasu nake yi ba. Turawan Ingila sun haɗa sunan karin kumallo da na abincin rana suka fitar da kalma guda, wato brunch, tun a shekarar 1895, domin su ambaci cimar da ake yi a makare ranar hutu. Mu ba mu sa mata suna ba, amma mun daɗe muna yin ta: waina da miyar taushe, funkaso, alkubus, gurasa, kunun gyaɗa mai kauri, koko da ƙosai, har da ɗumamen tuwo wanda dattawa da yawa ba sa musanya shi da komai. Dankalin turawa da jam baƙi ne da suka zo daga baya suka samu wurin zama, kuma ina maraba da su. Damuwata ita ce mun karɓe su rabi da rabi, mun koyi cin su amma ba mu koyi sarrafa su ba.

Bari in fara da jam, domin nan ne asarar ta fi yawa. Duk wanda ya shiga kasuwar 'Yan Lemo a Kano cikin watan Afrilu ko Mayu ya san abin da nake nufi. Motoci suna sauke mangwaro daga Binuwai da sauran wurare, zafin bazara yana dafa shi tun yana cikin kwando, kafin kwana uku wanda ya nuna sosai ya fara tsami, sai a tara shi a gefe ƙudaje su yi biki. Manomi ya yi asara, dillali ya yi asara, bayan wata biyu kuma a nemi mangwaro a rasa. A daidai wannan lokacin uwargida za ta shiga babban kanti ta sayi ƙaramar kwalbar jam da kuɗin da zai saya mata kwandon mangwaro guda. Ko sitiroberi da aka fi yin jam ɗin kanti da shi, ana noma shi a ƙasar nan, a Chaha da ke kusa da Vom a Jihar Filato, lokacin sanyin hunturu, kuma masu noman suna fama da matsala iri ɗaya, domin ɗan itace ne da ba ya jure kwana biyu a hanya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu suna dafa ruwan ɗinya har ya yi kauri ya zama maɗi, daga nan su ƙara masa wuta su ja alewa. Hikimar ke nan da ke cikin jam: a kore ruwan da ke jikin ɗan itace da wuta, zaƙi ya taru ya yi yawan da ƙwayoyin cuta ba za su iya rayuwa a ciki ba. Bambancin kawai shi ne an ƙara sukari da tsami, an kuma zuba a kwalba mai murfi.

Ga yadda nake koya wa ɗalibaina, kuma har yau haka nake yi a gidana. A samu mangwaro mai tsoka wanda ba shi da zare da yawa, a haɗa nunanne da wanda bai gama nuna ba, domin ɗanyen ya fi ɗauke da sinadarin pektin, wato danƙon da Allah ya halitta a jikin 'ya'yan itace wanda shi ne yake sa jam ya kama jikinsa. A fere, a yanka ƙanana, a auna. Kowane kilo ɗaya na tsokar mangwaro yana buƙatar sukari giram 750 zuwa kilo ɗaya, da ruwan lemon tsami kamar cokali uku na cin abinci. A fara dafa mangwaron shi kaɗai a tukunya mai faɗi har ya yi laushi, sannan a zuba sukari a rage wuta ana juyawa da muciya har ya narke gaba ɗaya, sai a ƙara wuta ya tafasa sosai. Masu ma'aunin zafi suna jira ya kai digiri 105, amma ba dole ba ne a mallaki ma'auni. A ɗiga kaɗan a kan faranti mai sanyi, a jira minti ɗaya, a tura da yatsa. Idan ya tattare ya yamutse, to ya yi. Wurin da yawancin mata suke kuskure shi ne kwalba. Dole a tafasa kwalabe da murafunsu na minti goma, a bar su su bushe, a zuba jam yana da zafi, a rufe nan take. Wanda aka yi haka zai yi watanni a wuri mai sanyi da duhu ko babu firji, amma da zarar an buɗe sai a riƙa ɗiba da busasshen cokali mai tsabta, a kuma shanye shi da wuri.

Gwaba ta fi mangwaro sauƙi, domin tana da pektin mai yawa, sai dai a tace 'ya'yanta da rariya bayan an dafa. Abarba tana da ƙamshi amma danƙonta kaɗan ne, don haka tana son ƙarin lemon tsami da haƙuri a kan wuta. Wanda ya fi ba mutane mamaki shi ne zoɓo. Furen da muke tafasawa mu tace mu zubar, idan aka niƙa shi aka dafa da sukari da 'yar citta, yana ba da jam ja wur mai ɗan tsami wanda yake tafiya da burodi, da fanke, har da waina ga masu son ta da zaƙi maimakon miya.

Na san za a ce sukari ya yi tsada, kuma gaskiya ne. Amma kilo ɗaya na mangwaro da sukarinsa yana cika kwalba huɗu ko biyar irin ta kanti, sai mai karatu ya yi lissafi da farashin garinsu. Na kuma san ciwon sukari ya yawaita a cikinmu. Jam ba abinci ba ne, mahaɗi ne, ƙaramin cokali ɗaya ya isa yanka guda na burodi, wanda likita ya hana wa zaƙi kuma ya bi maganar likitansa.

Shi kuwa dankalin turawa, asalinsa daga tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga can ya iso mana. Ya samu sanyin da yake so a Filato, shi ya sa Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Pankshin suke ciyar da mafi yawan ƙasar nan da shi, kuma akwai tashar bincike a kansa a Kuru. 'Yan uwanmu na Nijar ma suna noma shi a tsaunukan Ayar da ke yankin Agadas. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware masa shekarar 2008, ta kuma sa ranar 30 ga Mayu ta zama ranarsa tun daga 2024. Abincin da ya kai wannan matsayi, mu mun taƙaita shi ga hanya ɗaya, wato a yanka dogo-dogo a tsoma cikin mai, sau da yawa ma man da aka soya abu da shi jiya da shekaranjiya har ya yi baƙi.

Alhali manoman Suwizalan suna da wani karin kumallo da suke kira roshti, wanda ba komai ba ne illa dankali da aka goga a magogi, aka matse ruwansa, aka sa gishiri, aka baza a kasko da mai cokali biyu har ya yi ja ta kowane gefe. Duk matar da ta iya wainar rogo ta riga ta iya wannan, sai dai ta ƙara albasa da attaruhu yadda bakinmu ya saba. Sifaniyawa suna dafa yankakken dankali da albasa a hankali, su juye cikin kaɗaɗɗen ƙwai, su toya shi da kauri a yanka kamar alkaki a raba, ta haka ƙwai huɗu suke isar mutum shida. Mutanen Punjab suna cusa dakakken dankali mai yaji cikin ƙullin alkama su gasa, abin da mai yin gurasa ba za ta sha wahalar kwaikwaya ba. Mu ma muna da faten dankali da alayyahu da busasshen kifi, wanda a ganina ya fi duk waɗannan riƙe cikin yaro mai zuwa makaranta ko Islamiyya. Gargaɗi ɗaya kawai zan yi: dankalin da ya yi kore ko ya tsiro yana ɗauke da guba mai suna solanin wadda dafuwa ba ta kashewa, don haka a yanke wurin da zurfi, idan koren ya yi yawa a zubar, a kuma riƙa ajiye dankali inda haske ba ya kai wa.

Roƙona gare ku, ya Edita, shi ne ku sa mai kula da shafin girke-girke ta riƙa tafiya da lokacin kaya. Kafin mangwaro ya shigo a watan Maris a buga yadda ake jam ɗinsa da awo da hoto, lokacin da sabon dankalin damina ya sauko daga Filato wajen Yuli da Agusta farashinsa ya faɗi a buga hanyoyin sarrafa shi ba tare da tsoma shi a mai ba, da kaka kuma a yi na zoɓo da gwaba. Ina kuma kira ga ƙungiyoyin mata da cibiyoyin koyar da sana'a da suke koyar da sabulu da man shafawa su ƙara wannan darasi, domin tukunya da muciya da tsofaffin kwalabe ne kawai jarinsa. Idan kun buɗe wannan fili, a shirye nake in aiko muku da awon kowane ɗan itace kamar yadda na gwada shi da hannuna.

Wassalam.

Taku mai karatu,
tsohuwar malamar girki, daga Kano.