Kafin Ka Miƙa wa Yaya Littafin

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya aiki, ya kuma ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan matar Yaya, ya sa ta huta, ya raya abin da ta bari.

Saƙonka ya iso. Ka tambaye ni ko ka ba Yaya littafin nan da na yi ta ba ka labarinsa, ko zai rage masa raɗaɗi. Ban so in ce maka e ko a'a a waya ba, shi ya sa na zauna na rubuto. Mun karanta shi a zaman karatunmu, kuma abin da ya faru tsakanin masu karatun nake so ka ji kafin ka yanke shawara.

Labarin ka san shi a gurguje: mutum ne matarsa ta rasu, ya koma bakin aikinsa kafin mutane su yi tsammani, ba a taɓa nuna shi yana hawaye ba. Akwai agogon bango da marigayiyar ta gusar gaba da minti goma don kada yara su makara. Bai gyara shi ba. Kullum ya duba sai ya cire goman a zuci. A babin ƙarshe batir ya mutu, ya sayo sabo, ya tsaya riƙe da agogon, littafi ya ƙare ba a gaya mana lokacin da ya saita ba.

Wani matashi a cikinmu, mai kaifin basira ƙwarai, ya fusata. Ya ce wannan ai ba so ba ne, mutumin zuciyar dutse gare shi. Ta yaya za a ce har ya yi dariya da ɗansa alhali ko wata ba a yi da rasuwar ba? Wasu biyu suka mara masa baya, suka ƙara da cewa marubucin ya bar su a rataye, sun jira ranar da mutumin zai fashe da kuka ya samu sauƙi, ranar ba ta zo ba.

Akwai wata dattijuwa da ba ta cika magana ba, wadda mijinta ya rasu shekarun baya. Tana zaune da littafin a rufe a cinyarta, ta saƙala yatsa a wani shafi. Da aka yi shiru sai ta ce ita wannan dariyar ce ta sa ta yarda marubucin ya san abin da yake faɗa. Ta ce ita ma ta yi irinta, kuma kunyar da ta biyo baya ta fi kukan ciwo, ba ta taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Ta buɗe shafin, ta duba, ta mayar ta rufe, ba ta karanta mana ba. Matashin nan bai sake cewa uffan ba.

Ni ina tare da ita ɗari bisa ɗari. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke zuwa wa mai jimami da ma'auni a hannu, ko a littafi ko a zahiri. Da yawanmu mun haddace matakai biyar ɗin nan da ake cewa mai jimami yana bi, ko da ba mu san tushensu ba: musantawa, fushi, neman sassauci, baƙin ciki mai nauyi, sai sallamawa. Likitar ƙwaƙwalwa Elisabeth Kübler-Ross, haifaffiyar Suwizalan, ita ta fito da su a 1969, kuma daga hirarta da marasa lafiya da ke gab da mutuwa a Amurka ta samo su, ba daga waɗanda aka mutu aka bari ba. Daga baya ne aka ɗora su a kan masu jimami, har suka zama kamar tsani da kowa sai ya taka ɗaya bayan ɗaya. Masu bincike da suka bi mutanen da aka yi wa rasuwa sun ga wani abu daban. A 1999 Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht a Holan suka bayyana cewa mai jimami kai-kawo yake yi: yanzu yana fuskantar rashin, an jima ya juya ga hidimar rayuwa, sannan ya dawo, kuma wannan hutun da zuciya ke ɗauka yana cikin lafiyarta. George Bonanno na Jami'ar Columbia shi ma, a binciken da aka wallafa a 2002 kan tsofaffin da suka rasa abokan zama, ya samu kusan rabinsu sun ci gaba da tafiyar da rayuwarsu ba tare da sun durƙushe ba, kuma hakan bai nuna ba su ƙaunaci mamatan ba. To mutumin cikin littafin nan ba baƙo ba ne. Yana nan a kowane gida, mu ne ba mu iya ganinsa.

Amma kada ka ɗauka duk wanda ya taɓa rashi ya rungumi littafin. Wani abokin zamanmu da ya rasa 'yarsa bai kai rabi ba ya dawo da shi. Ya ajiye a kan tebur ya tura shi gabana da yatsu biyu, ya ce shi bai ga dalilin da zai sa ya sake shiga ɗakin da ya daɗe yana neman ƙofar fita ba. Ban yi masa gardama ba, kuma ba zan yi ba. Littafi ɗaya ne, ciwo iri ɗaya ne, ya buɗe wa dattijuwar baki, shi kuwa ya fama masa miki. Wannan mutumin nake tunawa duk lokacin da na tuna Yaya.

Masu neman a sassauta ƙarshen labari kuwa ba yau suka fara ba. Lokacin da marubuci Charles Dickens yake fitar da labarin wata yarinya mai suna Nell kashi-kashi a Ingila, tsakanin 1840 da 1841, masu karatu sun yi ta aika masa wasiƙu suna roƙon kada ya kashe ta. Bai saurare su ba. Shi kansa yana ɗauke da rashin ƙanwar matarsa, Mary Hogarth, wadda ta rasu a 1837 tana da shekara 17. Ina jin tausayin masu roƙon, don ƙauna ce ta sa su. Sai dai marubucin da ya ɗanɗana abin da kansa da wuya ya yarda ya yi wa mai karatu ƙarya.

Don haka ga shawarata. Kada ka kai masa a matsayin magani, kada kuma ka ce masa zai ga kansa a ciki. Ka ba shi labarin agogon kawai, wata rana kuna zaune, ka ga yadda fuskarsa za ta yi. In ya tambayi sunan littafin, ka kawo masa. In ya kawar da zancen, ka bar shi, ko da shekara za ta zagayo. Idan ya karɓa ya ajiye bai buɗe ba, kada ka tambaye shi ina ya kai.

Abu ɗaya nake roƙonka ka sa wa ido. Akwai jimamin da ke wuce haddi, wanda littafi ba ya yi masa komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da shi cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022: begen mamaci mai tsanani da ya zarce aƙalla wata shida har yana hana mutum aikinsa da mu'amalarsa. In ka ga Yaya ya daina barci, ya ƙaurace wa mutane, ya kasa kula da yaran, to likita za ku nema, kuma kai za ka raka shi. Amma in yana zuwa aiki, yana dariya wani lokaci, wani lokaci ya yi tagumi, don Allah kada ku ce ya manta da ita, kada kuma ku matsa masa sai ya yi kuka a gabanku.

Zan aiko maka da nawa kwafin ka fara karantawa kai kaɗai. Ka rubuto mini lokacin da kake jin mutumin ya saita agogon, don ni da dattijuwar nan mun saɓa a kai.

Ka gaida Yaya da kyau, ka gaida uwargida da yara.

Naka,
Amininka