Kiɗan jaz ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aiki, don Allah a ɗan sam min fili a shafin wasiƙu, wata 'yar magana ce ta tsaya min a wuya.

Shekaranjiya da daddare an ɗauke mana wuta, na fito ƙofar gida da tabarma ina shan iska na kunna wani tsohon kiɗan jaz a waya, sai ga ɗan ƙanwata ya dawo daga kallon ƙwallo, ya tsaya ya ɗan saurara sannan ya ce wai Kawu wannan ba irin kiɗan da ake sa ma mutum ba ne in ya kira kamfanin waya aka ce ya jira? Wallahi dariya na yi amma abin ya sosa min rai. Kiɗan da yake wa ba'a ɗin nan So What ne na Miles Davis, daga faifan Kind of Blue na 1959.

Ban ga laifin yaron ba, a ina zai ji? Gidajen rediyonmu na FM daga waƙar fim sai ta 'yan siyasa. Ni ma gado na yi. Marigayi mahaifinmu ma'aikacin reluwe ne nan Kaduna, yana da garmaho da faya-fayai cike da akwatin ƙarfe, in aka buɗe ƙamshin kafur ke fara tarbar ka, kuma a akwatin nan Shata da Louis Armstrong tare suke kwana, shi bai taɓa ware su ba. Armstrong ɗin ma ai ya taka ƙasar Kaduna a 1960, shekarar samun 'yancin kai, har akwai hotonsa da Sardauna Sir Ahmadu Bello. Matasa nawa ne suka san haka?

To duk mai son ya gwada, ni shawarata kar ya fara da What a Wonderful World ta 1967 da kowa ya sani, tana da daɗi amma zaƙinta ya yi min yawa, kamar shayin da aka cika wa madara. Ya nemi West End Blues na 1928. 'Yan daƙiƙun farko ba ganga ba komai, Armstrong ne kaɗai da ƙahonsa yana hawa yana sauka, duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Zazzau ranar hawan sallah ya ji an busa kakaki zai gane irin tashin tsigar jikin da nake nufi.

Amma wanda na fi so mutanenmu su ji shi ne Moanin' na ƙungiyar Art Blakey, 1958. Mai piyano Bobby Timmons, wanda shi ya tsara kiɗan, zai yi 'yar gajeriyar magana da yatsunsa sai masu busa su amsa masa da sauti biyu kacal, ya sake su sake amsawa, kai ka ce addu'a ake ana cewa amin. Jagora da 'yan amshi ke nan, ba wani abu ba. Daga nan sai a sakar wa kowa fili ya faɗi abin da ke ransa nan take, ba rubutu ba haddacewa, Lee Morgan da ya busa ƙaho a wurin shekararsa 20 kacal amma ka ji yadda yake shigowa kamar mai jin haushin wani. Wannan ƙirƙira ta nan take ita ce gishirin jaz, kuma ita ce dai muka san Shata da ita, kalangu na tafiya shi kuma yana ɗinka baiti da abin da idonsa ya gani a filin. Shi Blakey mai gangar ma musulunta ya yi, ya ɗauki sunan Abdullah Ibn Buhaina.

Ga wani misalin da ke ba ni dariya kullum. Ella Fitzgerald tana rera Mack the Knife gaban jama'a a Berlin a 1960, tana tsakiyar waƙa baitoci suka ɓace mata, maimakon ta daburce sai ta shiga ƙirƙiro nata tana ma tsokanar kanta a cikin waƙar cewa ta manta, har da kwaikwayon muryar Armstrong mai gurnani, kuma wannan ɗaukar mai kuskuren ita ta ciyo mata Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka. Yanzu fa? Mawaƙi in aka kashe masa kwamfuta a sitidiyo sai dai a yi haƙuri.

Take Five na ƙungiyar Dave Brubeck, shi ma 1959, Paul Desmond ya tsara, ƙidayarsa biyar-biyar ce maimakon huɗu-huɗun da aka saba, ka gwada tafi da shi za ka ga hannunka na ɓacewa. Take the A Train na ƙungiyar Duke Ellington, 1941, kan jirgin ƙasan da ke zuwa unguwar Harlem ne a New York, shi mahaifinmu ya fi so, ɗan reluwe ai dole. My Favorite Things kuma na John Coltrane ya kusa minti 14, sai mai data da haƙuri, amma busar siririn saksofon ɗinsa in ka rufe ido algaita za ka ji.

Akwai wadda ba ta nishaɗi ba ce sam, Strange Fruit ta Billie Holiday, 1939. Kan baƙaƙen fatar da ake ratayewa a bishiya ne a kudancin Amurka, kamfanin da take aiki da shi ma ƙin ɗaukar waƙar ya yi sai wani ƙaramin kamfani ta je. Ko ba ka jin Turanci muryar kaɗai ta isa ta gaya maka makoki ake. Ba na sa ta in ina cikin mutane.

Sai kuma wanda nake ganin namu ne, Yusef Lateef. Wannan bawan Allah musulmi ne daga Amurka, ya zo ya zauna nan Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma cikin abin da ya nazarta har da sarewar Fulani. Wato mutum ya tsallako teku ya zo koyon abin da muke wucewa a bakin hanya ba ma ko waiwaye. A nemi faifansa Eastern Sounds na 1961, a saurara bayan isha'i in gari ya yi tsit.

Na san wasu za su ce Malam da girmanka kana tallar kiɗan Turawa. To ba na Turawa ba ne tukuna, jikokin bayin da aka kwasa daga nahiyar nan ne suka haife shi a birnin New Orleans na Amurka. Wanda kuma ba ya jin kiɗa kwata-kwata saboda fahimtarsa ta addini ina girmama shi, ba da shi nake ba. Roƙona ga masu gidajen rediyon Kaduna su ba mu ko da minti 30 ne a mako, daren Lahadi, a sa Moanin' a bi shi da Shata, a bar masu sauraro su yi alƙalanci.

Shi dai ɗan ƙanwar tawa jiya ya dawo ya ce in tura masa Take Five, wai gangar ce kawai ta yi masa, kar in ɗauka ya tuba. Sannan don Allah in akwai mai karatu da ya san inda ake samun allurar garmaho ya sanar ta hannun Edita, na zaga Kasuwar Barci da Panteka ban dace ba, faya-fayan Baba suna nan a akwati.

Naka mai karanta ku kullum,
daga Tudun Wada, Kaduna.