Zuwa ga Auta, kan maganar cire gashi da lesa

Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Auta, ɗiyata, ina fata kina lafiya. Ya aiki, ya zaman Abuja? Mu nan lafiya lau sai zafi. Babanku ya samu sauƙin ƙafar, har yana fita masallaci da kansa.

Yayarki ce ta faɗa mini, kuma kada ki kira ta da faɗa, ni na matsa mata. Ta ce kin biya kuɗin zama shida a wani shagon gyaran jiki, za a cire miki gashin haɓa da na hammata da na ƙafa da lesa kafin biki. Na zaɓi in rubuto ne domin na san halinki a waya, "to Inna, to Inna" za ki yi ta cewa har katin ya ƙare ba ki riƙe ko ɗaya ba. Ban ce na hana ki ba. Aikin lesa aiki ne na gaskiya, yana rage gashi, yana kuma maganin ƙurajen aski. Amma sai kin san yadda yake aiki kafin ki miƙa fuskarki.

Na'urar tana harba haske mai ƙarfi, launi guda, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Hasken nan bai san gashi ba, baƙi kawai ya sani. Sinadarin da ke ba gashi baƙinsa, wato melanin, shi ke shanye hasken ya mayar da shi zafi, kamar yadda baƙin hijabi ke ɗaukar rana a watan Afrilu fiye da fari. Zafin sai ya bi silin gashin ya gangara zuwa saiwarsa, 'yan milimitoci a cikin fata, ya ƙona ta yadda ba za ta sake fitar da gashi mai kauri ba. Wasu likitoci biyu a Boston ta Amurka, Anderson da Parrish, su suka bayyana wannan hikima a 1983. Ga farar fata mai baƙin gashi abin da sauƙi, hasken ya ratsa fata bai tarar da kome ba sai gashin. Mu kuwa melanin ɗin nan yana cikin gashinmu, yana kuma shimfiɗe a saman fatarmu. Dole hasken ya bi ta fata kafin ya kai saiwa, kuma fatar za ta ci rabonta. In rabon ya yi yawa, ƙuna ce.

Likitocin fata suna da ma'auni da wani likita mai suna Fitzpatrick ya fara a 1975, yanzu kashi shida ne, daga fari fat mai ƙonewa a rana zuwa baƙi wuluk. Ke da ni muna tsakanin biyar da shida. Wannan lamba ita ke nuna na'urar da za a ɗauko. Akwai Alexandrite mai tsawon zangon haske nanomita 755, melanin na shanye ta sosai, ta farare ce, kada ta taɓa ki. Akwai dayod mai kusan 810, tana iya yi wa mai wankan tarwaɗa in an sassauta ƙarfinta, aka tsawaita lokacin harbin, aka kuma sanyaya fata da kyau, amma sai a hannun gwani. Wadda ta dace da fatarmu ita ce Nd:YAG mai dogon harbi, nanomita 1064. Melanin ɗin saman fata ba ya kama ta sosai, sai ta wuce can ƙasa inda saiwar take. Ta fi zafi, kamar a ja roba a sake miki a fata, kuma ba ta cika kama siririn gashi ba, amma ita ce mai barin fata lafiya. Sai kuma IPL, wadda shaguna da yawa ke kira lesa alhali ba lesa ba ce. Fitila ce mai walƙiya da tarkacen haske iri-iri, daga wajen nanomita 500 zuwa 1200, kuma gajerun cikinsu a saman baƙar fata suke tsayawa. Ta fi araha, shi ya sa ta cika shaguna. Yayarki ta faɗa mini kuɗin da kika biya, kuma araha ba ta ado. Ki koma ki tambaye su sunan na'urar, ki duba rubutun da ke jikinta da idonki. In mai aikin ba ta san lambar hasken na'urarta ba, ki ɗauki jakarki ki fito.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci, wanda saboda shi na ɗauki biro.

Hoton da kika turo da Sallah na duba shi ya fi sau goma. Fuskarki ta fi wuyanki haske. Hannun da kika dafa kujera da shi, gaɓoɓin yatsun baƙi ne, tsakaninsu kuma fari. Saman kumatunki ya yi ja-ja, kuma akwai wani siririn gashi da ya kwanta daga gefen kunne zuwa muƙamuƙi wanda ba da shi na haife ki ba. Auta, na yi shekaru ina ganin irin wannan fata a wurin aiki, ba sai an gaya mini ba. Man bilicin kike shafawa. Kada ki ce mini sabulu ne ko zaman ofis mai sanyi.

Yawancin mayukan bilicin, musamman irin haɗin da ake zubawa a roba babu suna, suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi irin su kulobetasol, ko haidirokwinon, wasu har da makuri, wato zaiba. NAFDAC ta daɗe tana kashedi a kansu. Sitiroyid yana sa fata ta yi siriri kamar takardar albasa, jijiyoyin jini su bayyana, ciwo ya daɗe bai warke ba. Kuma shi kansa yana tsirar da gashi a fuska. Ke nan gashin da kike shirin biyan kuɗi a ƙona, wataƙila man da kika saya da kuɗinki ne ya fito da shi. Wannan ɗaya.

Na biyu ya fi muni. Mai aikin za ta kalli fuskarki ta ga haske, ta ɗauka ke lamba huɗu ce, ta ɗaga ƙarfin na'ura daidai da abin da idonta ya gani. Amma ƙwayoyin da ke yin melanin a fatarki suna nan yadda Allah Ya halicce su, danne su kawai aka yi. Da zafi ya taɓa su za su farka su zubo baƙi fiye da na da. Abin da ke biyowa shi ne bororo a rana ta farko ko ta biyu, sai ɓawo, in ɓawon ya faɗi sai tabo mai siffar bakin na'urar, zagaye-zagaye ko murabba'i, a jere kamar an buga hatimi. Baƙin tabo yana ɗaukar watanni kafin ya dishe, wani ya haura shekara. Farin tabo, inda zafi ya kashe ƙwayoyin launi, wani lokaci ba ya komawa. A haɓa, Auta. Wurin da babu mayafin da zai rufe shi. Ki kuma tuna kunnen gwaggonki, kin san irin jikin gidanku wajen tabo mai tasowa. Mai irin wannan jiki ba ta wasa da ƙuna.

Wa ya ce miki launinki na da aibi? Yaron nan da baƙinki ya gan ki a gidan nan ya aiko magabatansa. In danginsa ne suka yi wata magana, ki faɗa mini, ni zan san ta inda zan ɓullo. In kuma ƙawayen Abuja ne, to ba su za su zauna da fuskar ba. Za ki ce Inna ta cika tsanani, kamar yadda kika ce lokacin maganar makaranta. Ban yi nadamar waccan ba, ba zan yi ta wannan ba.

Kuma kada tsoro ya sa ki jefar da man dare ɗaya. Fatar da ta saba da sitiroyid in aka yanke mata farat ɗaya takan yi ja, ta yi raɗaɗi, ƙuraje su feso. A hankali ake janye shi, a hannun likitan fata. Ki ɗauki robar ki kai masa ya gani. Sai fatar ta huce ta koma launinta na asali, sannan a yi zancen lesa.

Gashin haɓar ma yana buƙatar tambaya. In gashi mai kauri irin na maza ne, ga al'ada tana yi miki wasa, ga ƙurajen fuska ko ƙiba, to a duba matsalar ƙwayayen mahaifa da ake kira PCOS. Gwajin jini ne da hoton ciki, ana yi a nan asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ana yi a Abuja. In daga ciki abin yake, lesa za ta kashe na yau, jiki ya tsirar da na gobe. Shi kuwa siririn gashin gefen fuska mai kama da gashin jariri, a bar shi. Ba shi da baƙin da zai kama haske, kuma an sha ganin zafi mai rauni ya zaburar da irinsa ya dawo da kauri maimakon ya mutu, musamman a fuska da wuya. Furfura ma lesa ba ta ganinta, sai dai a bi ta da allurar lantarki ɗaya bayan ɗaya. Gashin da ya fi jin lesa shi ne baƙi mai kauri, irin na hammata.

Sai lissafin lokaci, wanda na ga alama ba su yi miki ba. Gashi ba ya girma gaba ɗaya. Wani na tsiro, wani ya tsaya, wani na hutawa a ƙasa, kuma mai tsiro kaɗai hasken ke kashewa. Don haka ake maimaitawa sau shida zuwa takwas, wani lokaci fiye. Fuska ana ba ta tazarar mako huɗu, hammata huɗu zuwa shida, ƙafa kusan takwas. Ki lissafa, aikin wata shida ne zuwa shekara, ke kuma saura wata uku biki. Ba a fafe gora ranar tafiya. In suka ce za su matse zaman duk mako biyu, kuɗinki kawai za su ci. Ko an gama ma, ragewa ake yi, hukumar magunguna ta Amurka ba ta yarda a kira shi cirewa ta har abada ba. Wani gashin zai dawo siriri, a riƙa komawa jefi-jefi.

Kuma lesa ba ta haɗuwa da gyaran jikin amare. Halawa tana tuge gashi da saiwarsa, in babu saiwa babu abin da haske zai kama, saboda haka babu halawa, babu matsefata, babu zare, mako huɗu zuwa shida kafin zama da kuma tsakanin zama. Reza kawai, kwana ɗaya kafin ranar, domin gashin da ya tsaya a waje zai babbake a kan fata ya ƙona ta. Dilka tana murje fata, a ba ta tazarar mako guda gaba da baya. Lalle, musamman baƙi, yana shan hasken kamar gashi, kada a harba a inda yake. Ranar zama a je da fata wankakkiya, ba mai, ba hoda, ba turare.

In lokaci ya yi, duk ƙwarewar mai aiki, ta fara gwada wuri ɗan ƙarami a ɓoye, ƙarƙashin muƙamuƙi ko gefen hammata. Ki tafi gida ki jira aƙalla kwana uku, mako guda ya fi, domin baƙar fata ba ta nuna ɓacin ranta nan take. Ki tabbatar na'urar na sanyaya fata, ko da bakinta mai sanyi, ko da feshi, ko da iska. Ja kaɗan da 'yan ƙuraje kamar cizon tururuwa a gindin gashi alama ce mai kyau, sukan kwanta cikin awoyi. Raɗaɗin da ya ƙi tsayawa, ko fata ta yi toka-toka, ki ce a dakata nan take. Tabarau na musamman dole ne gare ki da ita, kuma kada a kusanci gira, baƙin ido ma melanin ne, kada garin neman gira a rasa ido. Ki faɗa musu duk maganin da kike sha, musamman na ƙurajen fuska irin su dokisaikilin da Roaccutane. Man kashe zafi kuma kada ki labta shi a ƙafafu ki naɗe da leda. A 2007 hukumar nan ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan 'yan mata biyu sun rasu ta haka, maganin ya shiga jini ya yi yawa. Bayan zama, kwana biyu babu ruwan zafi, babu turaren tsuguno, babu murza. Gashin zai zube da kansa cikin mako ɗaya zuwa uku. Rana kuwa ki guje ta, ki shafa man kariya mai lamba 30 ko sama, balle in kin zo nan inda zafi ke haura digiri 40.

Yayarki ba ta ambaci mara ba, ni ma ba zan tsawaita ba. Aske mara da cire gashin hammata sunna ce, kada a wuce kwana arba'in. Amma tsakanin cibiya da gwiwa ba wurin buɗewa ba ne a shago, ko ga mace, in ba larura ba. Reza ta ishe ki.

Na san na yi miki zafi a sama. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ke ce autata, fuskar nan ni na fara wanke ta, ba zan iya zuba ido wata ta ɗora mata wuta ba tare da ta san abin da take yi ba. Shawarata a ɗaga lesar zuwa bayan biki, a fara da hammata, in ta yi kyau a matsa gaba, in kuma Allah Ya kawo rabo da wuri a jira sai an sauka. Kuɗin da kika biya in sun ƙi mayarwa ki bar musu, zan cika miki daga adashina, Babanku ba sai ya ji ba.

Ki turo mini hoton rubutun jikin na'urar, da na robar man, gaba da baya. In za ki zo ƙarshen wata ki taho da robar a jakarki. Na sa an ajiye miki kilishi da fura. Ki gaida mutanen gidan da kike.

Allah Ya yi miki albarka.

Innarki.