Rahoton Kwamitin Gyaran Rufin Makarantar Islamiyyarmu da ke Jos ta Arewa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga iyayen yara, malamai, da duk wanda ya ba da kuɗinsa ko ƙarfinsa a wannan aiki.

Alhamdu lillahi, aikin rufi ya kammala, yara sun koma ajujuwansu. An kware tsohon kwano daga ajujuwa huɗu da ofishin shugaban makaranta, an sauke tsohon silin, an canza katakon da gara ta ci, an ɗora sabon kwano, an shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashinsa, sannan aka rufe da sabon silin. Lissafin kuɗin da ya shigo da wanda ya fita yana manne a allon sanarwa, rasidai kuma suna hannun ma'aji ga mai son dubawa. Abin da muke son yi a nan shi ne bayyana dalilin da ya sa kaso mai tsoka na kuɗinku ya tafi a kan abin da ido ba ya gani, domin an yi mana wannan tambaya, kuma tambaya ce mai kyau.

Kowa ya san halin da ajujuwan suke ciki a da. Jos tana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da bakin teku, shi ya sa mutanen wasu garuruwa suke ɗauka ba mu san zafi ba. Amma duk wanda ya shiga ajin da silinsa ya rufta da azahar a watan Maris ya san ba haka abin yake ba. Kwano a tsakar rana yana iya wuce digiri 60, kuma wannan zafi kai tsaye yake sauka a kan yara. A Disamba da Janairu kuma sai lamarin ya juya. Akwai daren da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 10, 'yan hadda masu zuwa bayan asuba su zauna a takure, hannu cikin riga, ba mai iya riƙe alƙalami. Da hantsi sai ka ga ruwa yana ɗiga daga kwano a kan littattafai alhali ko gajimare babu a sama. Wasu iyaye sun zaci yoyo ne. Ba yoyo ba ne, zufar kwano ce: numfashin yara da ɗumin ɗaki su hau sama, su tarar da ƙarfe mai sanyi, su koma ruwa. Da damina kuwa, in ruwa ya sauko da ƙanƙara irin tamu ta Filato, sai malam ya dakatar da karatu, don ko na gaba-gaba ba ya jin sa.

A zamanmu na farko ra'ayi ya rabu. Da yawa daga cikinmu sun so a sayi kwanon nan mai tsakuwa, launin duhu, irin wanda ake gani a sababbin gidaje, bisa tunanin cewa mai tsada shi ne mai sanyi. Wani daga cikin iyayen yara, injiniyan gini ne, wanda ya yi mana aikin kyauta, shi ya ɗauki alli ya yi mana lissafi a allo. Mun ga ya dace mu kawo shi nan, don zai amfani mai shirin rufa gidansa.

Kowane abu yana da saurin da zafi ke ratsa shi, kuma masana sun auna sun ba kowanne lamba; duk yadda lambar ta yi girma, haka zafi ke saurin ratsawa. Ƙarfe yana wajen 50. Aluminiyam ya haura 200. Kankare kusan 1.5, katako wajen 0.13. Audugar gilashi, wadda 'yan kasuwa ke kira faiba, tana wajen 0.04, iskar da ke tsaye ba ta motsi kuma 0.026. In kana son sanin ƙarfin abu wajen tare zafi, sai ka raba kaurinsa a mita da wannan lamba. Amsar ita ake rubutawa da harafin R a jikin kaya, kuma duk yadda ta ƙaru, haka tarewar ke ƙaruwa. Kwanon ƙarfe mai kaurin rabin milimita, in ka raba da 50 ɗinsa, abin da zai fito 0.00001 ne, wato kamar babu. Ko ka ninka kaurinsa, ko ka biya kuɗinsa sau uku, labarin bai canza ba. Audugar gilashi mai kaurin santimita 5 kuwa tana ba da 1.25. Kafin kankare ya kai wannan matsayi sai an zuba shi kusan mita 2. Sirrin ba a cikin gilashin yake ba, yana cikin iskar da zarurrukan suka kama suka hana ta yawo.

Da aka zo nan sai wani dattijo cikinmu ya tambaya, to in abin yana hana zafi shiga, ba zai ƙara wa yara sanyi a hunturu ba? Amsa ita ce fulas ɗin shayi: in ka zuba mai zafi ya riƙe, in ka zuba mai sanyi ya riƙe, domin shi bai san komai ba sai hana zafi wucewa. Da bazara zai tsare na waje, da hunturu ya tsare na ciki. Ga gari irin Jos mai fuska biyu, wannan shi ya kawo ƙarshen muhawara.

Magabatanmu ma ba su jahilci wannan ba. Wanda ya taɓa shiga gidan adana gine-ginen gargajiya da ke kusa da gidan tarihi na Jos, inda aka kwaikwayi tsohon masallacin Juma'a na Zariya, ya ji yadda cikin soro yake da ni'ima da tsakar rana. Azara da ƙasa mai kauri suna shanye zafin yini a hankali, sai dare su sake shi. Da kwano ya zo ya rage mana wahalar yaɓe kowace shekara, amma ya tafi da wancan sanyin, muka ci gaba da rufi ba tare da mun maye gurbinsa da komai ba.

Don haka muka sayi kwano dogo na aluminiyam mai matsakaicin farashi, kuma muka dage a kan launi mai haske. Fari da madara-madara suna mayar da mafi yawan hasken rana sama, baƙi da ruwan ƙasa suna shanye shi. A ƙarƙashin kwano an ja takardar aluminiyam mai sheƙi. A nan kwamiti ya tsaya a kan kafintoci sosai, domin ita wannan takarda ba ta da kaurin da zai tare komai, aikinta hana hucin kwano haskawa ƙasa ne, kuma ba ta yinsa sai in akwai fili na iska a gefenta mai sheƙi. In aka manna ta da wani abu, an zubar da kuɗi. An juya sheƙin yana kallon ƙasa, saboda ƙurar hunturu in ta kwanta a kai tana kashe amfaninsa.

A kan silin aka shimfiɗa audugar. Injiniya ya so a sa santimita 10 ko'ina, aljihu bai kai ba. Muka sa 5 a ajujuwa uku da ofis, muka ninka ta zama 10 a ajin ƙananan yara, su da sanyi ya fi kamawa. Mambobin kwamiti sun hau sama da tocila sun duba kafin a rufe. Inda aka bar giɓi tsakanin shimfiɗa biyu an sa an haɗe, inda wani ya taka ta lotse an ɗaga ta an gyara, domin in ta danne iskar cikinta ta fita, R ɗinta ya ragu. Haka nan in ta jiƙe. Shi ya sa aka bar kafofin iska a ƙarƙashin bakin kwano da kuma can ƙololuwa, aka toshe su da raga don jemagu da tsuntsaye, yadda tururi da iska mai zafi za su samu hanyar fita. Ma'aikatan da suka taɓa audugar duk sun sa safar hannu da takunkumi, don tana sa ƙaiƙayi. An ba mu shawarar farin soson nan da ake naɗe firji da shi, lambarsa ta yi kusa da ta auduga. Mun ƙi, domin yana narkewa ya kama wuta da baƙin hayaƙi, ga wayoyin lantarki a saman silin, ga yara a ƙasa. Wayoyin ma an sake su an zura su cikin bututu.

Gargaɗi ga masu zuwa kasuwa: lambar R iri biyu ce. Ta ma'aunin Amurka ta ninka wadda muka yi lissafi da ita fiye da sau biyar da rabi, ta yadda 1.25 ɗinmu za ka gan ta an rubuta 7. Mai saye in bai lura ba sai ya ɗauka ya samu abin da ya fi, alhali abu ɗaya ne. A tambayi kauri, a auna da tef.

Tsohon silin na asbesto ne, kuma ƙurarsa tana jawo cutar huhu mai tsanani, har da daji, bayan shekaru masu yawa. An sauke shi lokacin hutu, ana yayyafa masa ruwa, ba a fasa ba, ba a yanka ba. Wasu maƙwabta sun roƙi a ba su su rufa ɗakin kaji, muka ba su haƙuri. Muna roƙon kada wanda ya riƙe mu a zuciya kan haka.

Tun da aka koma, malamai sun shaida cewa ɗigar safe ta tsaya, ana zama a aji da azahar ba a tsiyayar gumi, kuma in ana ruwa karatu yana ci gaba. Sai dai rufi ba zai yi aikin taga ba. Tagogin ajujuwa biyu na gabas har yanzu gilasansu a fashe suke, iskar hunturu ta nan take kutsowa, kuma ba su cikin aikin da aka damƙa mana. Mun rubuta wa hukumar makaranta a kan a gyara su kafin Nuwamba.

Muna godiya ga iyaye mata da suka riƙa kawo wa ma'aikata abinci, da matasan unguwa da suka yi dakon kaya ba su karɓi ko sisi ba. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya sa a mizani. Mun miƙa makullin ƙofar hawa silin ga shugaban makaranta, tare da roƙon a leƙa sama kafin faɗuwar damina da kuma bayan kowace ƙanƙara mai ƙarfi. In an ga auduga ta jiƙe a wani wuri, a nemo inda ruwan ya shigo a toshe, a cire jiƙaƙƙen a sa sabo. Ragowar da ta saura tana ajiye a sito, a naɗe cikin ledarta.