A duba tarihin Church of God in Christ kafin a yi wa 'yan Fentikos kuɗin goro

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne game da shirin da kuka gabatar a makon jiya a kan majami'un Fentikos. A teburin mai shayin unguwarmu na saurare shi, kuma ana gamawa wani maƙwabcina Musulmi, wanda muka shekara goma sha muna zaman mutunci, ya ajiye kofinsa ya tambaye ni da zuciya ɗaya ko dama dukansu haka suke, daga tara baiko sai alkawarin arziki. Ban ga laifinsa ba, domin abin da shirin ya nuna masa ke nan. Ni Kirista ne, kuma ba na musun cewa akwai masu wa'azin da suka mai da bagade wurin ciniki, amma an yi wa jama'a mai yawa kuɗin goro, an bar wani babban reshe da ake kira na tsarki, wanda tushensa ya girmi wa'azin arziki nesa ba kusa ba. Ina so in kawo misali ɗaya daga Amurka, wato Church of God in Christ, da ake taƙaitawa COGIC, ma'ana Ikkilisiyar Allah cikin Almasihu. Ni ba ɗan wannan ɗarika ba ne.

Wanda ya kafa ta, Charles Harrison Mason, ɗan bayi ne da aka 'yanta, an haife shi kusa da birnin Memphis a jihar Tennessee. Mai wa'azi ne a cocin Baftis, shi da abokinsa Charles Price Jones, har suka rungumi koyarwar tsarkakewa wadda asalinta ke komawa ga John Wesley na Ingila. Koyarwar tana cewa bayan mutum ya tuba ya sami ceto, akwai aikin alheri na biyu da Allah ke yi a zuciyarsa, ya wanke ta daga son zunubi, har a ga alamar hakan a bakinsa da cinikinsa da zaman gidansa. Shugabannin Baftis na yankinsu ba su yarda da wannan ba, suka rufe musu ƙofa. A 1897 Mason ya tara mabiyansa a garin Lexington na jihar Mississippi, cikin wani tsohon gidan gurzar auduga, kuma mafi yawansu baƙaƙen fata ne manoma masu noman ƙasar wasu, waɗanda ko ƙuri'a ana ƙoƙarin hana su jefawa a lokacin. Sunan ɗarikar kuwa daga Littafi Mai Tsarki ya ɗauko shi, cikin wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Tasalonikawa, sura 2 aya 14.

Har zuwa nan ba su zama 'yan Fentikos ba. A 1906 ne aka fara wata babbar falkaswa a titin Azusa na birnin Los Angeles ƙarƙashin William Seymour, shi ma ɗan 'yantattun bayi, inda baƙaƙe da farare suka riƙa durƙusawa wuri ɗaya suna addu'a a ƙasar da wariyar launin fata ta raba hatta maƙabarta. Mason ya je can a farkon 1907, ya yi kusan mako biyar, ya dawo yana shaida cewa ya sami baftismar Ruhu Mai Tsarki, ya kuma yi magana da harsuna, wato furta yaren da mutum bai taɓa koya ba, kamar yadda aka rubuta a sura ta 2 ta Ayyukan Manzanni. Jones bai amince cewa dole sai da harsuna ake gane wannan baftisma ba. A wannan shekarar suka rabu, rigimar suna da kadarori ta kai su kotu, a 1909 sunan ya tabbata a hannun ɓangaren Mason, ɓangaren Jones kuma ya ci gaba a matsayin cocin tsarki wanda ba na Fentikos ba. A nawa ganin Jones yana da hujja, domin na san tsarkakan bayin Allah da ba su taɓa yin magana da harsuna ba har suka koma ga Mahaliccinsu. Sai dai ko wanda bai yarda da Mason ba zai lura cewa abin da ya raba waɗannan abokai biyu tambaya ce ta akida.

Bangaskiyarsu a taƙaice ita ce Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da Littafi Mai Tsarki a matsayin maganar Allah, sannan matakai uku a rayuwar mai bi: ceto, tsarkakewa, da baftismar Ruhu. Suna addu'ar warkarwa, suna baftisma ta hanyar nutsarwa cikin ruwa, suna cin Jibin Ubangiji, suna kuma wanke wa juna ƙafafu. Na taɓa halartar irin wannan wankin ƙafa a wata ƙaramar majami'ar tsarki a nan gida, na ga dattijo mai furfura ya ɗaura tawul a ƙugu, ya durƙusa gaban wani yaro ɗan acaba, ya cire masa silifas, ya zuba ruwa a ƙafafun da ƙura ta yi wa fari fat, yaron yana sunkuyar da kai don kunya. Duk wanda ya ga wannan zai gane abin da ake nufi da tsarki a bakin mutanen nan. A zamanin Mason mabiyansa ba sa shan giya, ba sa shan taba, matansu na suturta jiki, azumi da doguwar addu'a kuwa abincinsu ne. Masu sauraro a Najeriya sun san wannan hali a wurin 'yan Deeper Life, cocin da Fasto William Kumuyi ya faro a 1973 da ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na mutum 15 a Legas, wanda shi ma yake koyar da waɗannan matakai uku, ko da yake ba reshen COGIC ba ne.

Inda na fi so ku tsaya shi ne tsarin mulkinsu, domin wuya ce ta haife shi. Muddin Mason yana raye, maganarsa ce doka: shi ke naɗa bishop-bishop, shi ke raba gardama, kuma kwarjininsa ya ishe shi. Da ya rasu a 1961, sai aka wayi gari babu cikakkiyar ƙa'idar da ta fayyace wanda zai gaje shi da iyakar ikonsa. Aka ɗora Bishop O. T. Jones, wanda ba shi da alaƙa da Jones na farko, amma ba a jima ba saɓani ya tashi tsakaninsa da majalisar zartarwa a kan wane ne ke da wuƙa da nama. 'Yan'uwa suka kai juna ƙara, har kotu a Tennessee ta sa a kira taron tsara kundin mulki, aka yi shi a farkon 1968. Daga nan aka soke sarautar mutum ɗaya har mutuwa. Yanzu babban taron wakilai, wanda ya haɗa da fastoci da dattawa da wakilan mata da na sauran masu bi, shi ke da ikon kafa doka da fayyace koyarwa, shi ke kuma zaɓen majalisar bishop 12 duk shekara huɗu, cikinsu har da shugaban ɗarikar. Daga baya aka ƙara majalisar shari'a mai sauraron ƙararraki. A ƙasa akwai yankuna, kowanne da bishop ɗinsa, sai gundumomi, sai majami'u. Wanda aka fara zaɓa a 1968 shi ne J. O. Patterson, surukin Mason, kuma a 2021 aka zaɓi J. Drew Sheard na birnin Detroit. Shekara bakwai na rikici suka sha kafin su kai ga wannan tsari, kuma majami'unmu da dama da har yanzu waɗanda suka kafa su ke riƙe da komai, daga makullin asusu har takardun fili, suna kan hanyar da COGIC ta bi kafin 1961.

Akwai inda nake ganin sun gaza. Tun 1911 Mason ya ɗora Lizzie Robinson a kan sashen mata, kuma wannan sashe ne ya tara kuɗi, ya buɗe ƙungiyoyin addu'a, ya share fagen kafa majami'u a biranen arewacin Amurka lokacin da baƙaƙe ke ƙaura daga kudu. Duk da haka ƙa'idar ɗarikar ba ta ba mace muƙamin bishop ba. Wanda ya san irin nauyin da zumuntar mata ke ɗauka a majami'unmu zai fahimci dalilin da ya sa wannan yake damuna.

Shirin naku ya nuna kamar 'yan Fentikos ba ruwansu da halin da al'umma ke ciki. A 1955, da aka kashe Emmett Till, yaro ɗan shekara 14, a Mississippi saboda launin fatarsa, a Roberts Temple na Chicago, majami'ar COGIC, aka yi jana'izarsa, inda mahaifiyarsa ta ce a bar akwatin a buɗe duniya ta ga abin da aka yi wa ɗanta. Ranar 3 ga Afrilu 1968, a Mason Temple, hedikwatar ɗarikar a Memphis, Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, ya yi jawabinsa na ƙarshe don goyon bayan masu kwashe shara da ke yajin aiki, washegari aka harbe shi. Abin da na gaya wa maƙwabcina kuwa, wanda ya sa ya yi shiru na ɗan lokaci, shi ne labarin Malcolm X, wato Alhaji Malik El-Shabazz, Musulmi ɗan fafutukar 'yancin baƙaƙen fata. Da aka kashe shi a watan Fabrairu na 1965, wurare da dama a unguwar Harlem ta birnin New York sun ji tsoron karɓar taron jana'izarsa, sai Bishop Alvin Childs ya buɗe majami'arsa ta Faith Temple, ta COGIC, aka yi taron a can ranar 27 ga watan, bayan wani malami ɗan Sudan ya yi wa gawar wanka ya sa mata likkafani bisa tsarin Musulunci.

Roƙona shi ne ku sake ware lokaci ga wannan batu, ku gayyato fasto daga majami'ar tsarki da wani masanin tarihin addini, ku tambaye su bambancin da ke tsakanin reshen tsarki da masu wa'azin arziki, ku kuma tambaye su wa zai gaji shugabanninsu da kuma ta wace ƙa'ida. Maƙwabcin nawa ya ce in sanar da shi ranar da za a sa shirin.

Na gode.

Naku,
Mai sauraronku daga Zariya